Agwagin ƙetare sun fara sauka a Nguru, me kuke gani a wajenku?

Ɗan Nguru:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda ke kusa da ruwa, Hadejia, Guri, Kirikasamma, Gashuwa har ku mutanen Nijar, ku faɗa mana abin da kuke gani, don mu nan baƙi sun fara sauka. Jiya bayan asuba an ɗan yi yayyafi, inaga na bankwana ne ko dab da shi, na bi ta bakin tafki wajen Dabar Magini kafin rana ta ɗago, wlh duk gefen da ruwa ya fara janyewa ya bar taɓo cike yake da 'yan tsuntsayen nan masu dogon ƙafa, sai caccakar laka suke ba sa ko ɗaga kai. Waɗanda ake kira raf sun fi yawa, sai baƙi da farin nan mai jan ƙafa zaƙo-zaƙo, sai wani ɗan ƙarami da ke bin bakin ruwa shi kaɗai yana ta kaɗa bindi sama da ƙasa. Kirinjijiya kam ba a magana, tun kafin ka iso kake jin fitonsu. Abin da ya tsaya min shine can tsakiyar bado na hango wasu ƙananan agwagi masu ruwan ƙasa, da suka tashi tashin nasu da sauri ne sosai ba irin na kirinjijiya ba, ina zaton gargani ne amma ban ga farin layin nan na saman ido ba ko a guda ɗaya.

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Su ne, kar ka yi shakka. A wannan lokacin namijin gargani ba ya cikin adonsa, bayan sun gama ƙyanƙyasa a can Rasha da gabashin Turai yakan zubar da gashin ado ya koma kamar macen, sai wajen ƙarshen hunturu farin layin zai fito fes daga ido har ƙeya. Yanzu in kana son bambance su jira su tashi, namiji saman fiffikensa fari-fari ne mai ruwan toka. Nan da 'yan makonni kuma sai agwagwa mai dogon bindi da mai faffaɗan baki su biyo baya.

Ɗan Birni:
Ni fa tsakani da Allah ban gane wannan harkar ba. Mutum da lafiyarsa ya tashi da asuba ya shiga taɓo sauro na cizonsa don kallon agwagwa, ba kamawa zai yi ba ba sayarwa ba. Ga yadda gari yake, kwanon shinkafa ya gagari talaka, mu kuma muna nan muna layin ido fari ne ko ba fari ba. Ba raini ba ne tambaya nake.

Ɗan Nguru:
Tambaya ce mai kyau yaya, kuma ba kai kaɗai ba, a gida ma ana min ita. Amma ka zo ka tsaya bakin ruwan nan sau ɗaya lokacin da garke ya tashi gaba ɗaya sannan mu yi maganar.

Mai Shinkafa:
Toh ni bari in yi magana a matsayina na wanda abin ya shafa kai tsaye. Ku kuna murna sun zo, mu kuma yanzu ne bacci ya ƙaurace mana. Shinkafata na wajen Guri ta fitar da kai ta fara nuna, yarana tun duku-duku suna gona da gwangwani da majajjawa har magariba, makaranta ma sai an yi da gaske. Tsuntsu in ya sauka a gona minti kaɗan ya isa ya mayar da kai baya shekara guda. Duk wanda bai taɓa tsayawa ya ga zangarniya ta zama ƙaiƙayi ba, ba zai gane me nake faɗa ba. In da hali ni a zo da jirgi a yi feshi kowa ya huta.

Malamin Kimiyya:
Alhaji Allah ya tsare amfani, ya sa a girbe lafiya. Babu wanda zai ce ka yi ƙarya. Amma ina so mu raba abu biyu, wanda ke cinye maka zangarniya tana tsaye jan baki ne, kuma jan baki ba baƙo ba ne, ɗan gida ne, nan Afirka yake haihuwa nan yake mutuwa. Raf ɗin da Ɗan Nguru ke magana yana cin shinkafa, ba zan ɓoye ba, amma galibi wadda ta zube ƙasa bayan an yanke yake tsinta, ga tsutsa da ƙwari da yake ci cikin laka. Agwagi kuma suna iya yin ɓarna lokacin shuka ko in shinkafa ta kwanta cikin ruwa, wannan ma gaskiya ne, amma ba za a haɗa da jan baki ba ko kusa. Matsalar feshi kuwa maganin ba ya tantancewa, ya kashe jan baki ya kashe balbela da zalɓe da ke kwana kusa, shirwa da shaho su zo su ci gawar su ma su bi, kuma cikin ruwan da ake sha ake kamun kifi yake sauka.

Mai Shinkafa:
Na ji malam. Amma kirinjijiya da dinya da idona na gan su cikin gonata da daddare, ba labari aka ba ni ba.

Malamin Kimiyya:
Haka ne Alhaji, da dare suke kiwo, ban musa ba.

Ɗan Masunta:
Ku bari in shigo nan don duk kuna kewaye ainihin maganar. Alhaji jan bakin nan a ina yake kwana? A cikin kacalla. Lokacin da muke yara mahaifina yana tura jirgi ta mashigin Marma ba abin da ke tare shi, ruwa ya zo da damina ya malale ko'ina, rani ya yi ya janye ƙasa ta bushe ƙurmus a shuka wake da masara a jiƙar da ya bari, Fulani su sauko da shanu su ci burgu. Yanzu wani wurin ruwan ba ya tafiya duk shekara, wani wurin kuma ba ya zuwa ko kaɗan, inda ya zauna ɗin nan kacalla ta cinye shi, ta fi mutum tsayi, ka shiga da jirgi ka rasa gabas ka rasa yamma. Ta toshe hanyar ruwa, ta cinye gonaki, kifi ya shige ciki raga ba ta kama shi, sauro ya samu gida jan baki ya samu makwanci. Su agwagin da kuke kallo ma ba sa son ta, su buɗaɗɗen ruwa marar zurfi suke so mai bado da ciyawa. To ka ga ni da kai da Ɗan Nguru abokin gabanmu ɗaya ne.

Malamin Kimiyya:
Allah ya biya ka, wannan ita ce maganar. Kuma abin yana da tushe. Fadamar nan ruwan kogi biyu ne ke yin ta, kogin Hadejia da kogin Jama'are, su haɗu su zama kogin Yobe ya zuba a tafkin Chadi. Da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 sannan na Challawa a 1992, duk a ɓangaren kogin Hadejia, sai tsarin ruwan ya canza. A da ambaliya ce babba sau ɗaya a shekara sannan bushewa, bushewar nan ita ke kashe kacalla. Yanzu an rage ambaliyar damina ana kuma sako ruwa da rani saboda noman rani da ruwan shan Kano, sai ya zama ƙasa ba ta bushewa a wasu wurare. Ba wai ina cewa dam bai da amfani ba, mutanen Kura da Kadawa da shi suke ci, amma mu na ƙasan kogi mu muka biya kuɗin. Shi yasa duk lokacin da aka tado maganar dam ɗin Kafin Zaki a kan kogin Jama'are hankalin mutanen Yobe ke tashi, don Jama'are ne kogin da ya rage yana kawo ambaliya irin ta da.

Ɗan Birni:
To malam wannan na gane, maganar ruwa ce da noma. Amma har yanzu ina ruwan ƙirga tsuntsu da ita?

Malamin Kimiyya:
Yauwa. Kowace shekara a watan Janairu ana ƙirga tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa lokaci guda, an fara tun 1967, kuma fadamar Hadejia da Nguru na cikin wuraren da ake ƙirgawa. Tsuntsun ruwa ba ya zama inda ba abinci, in ka ga tafki da a da yake cike da agwagi yanzu babu, to je ka tambayi masuntan wurin za su ce maka kifi ma ya ragu, makiyayi zai ce burgu ya ƙare. Kifi yana ƙarƙashin ruwa ba ka iya ƙirga shi daga bakin gaɓa, tsuntsu kuwa yana sama kowa na gani, mutum biyu da madubin hangen nesa da littafi sun isa. In aka jera lissafin shekara da shekaru sai ya zama hujjar da za a ɗora a kan tebur a ce ga abin da ke faruwa da fadamar nan. Da irin wannan hujjar aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya a 2000, shine na farko a duk Najeriya, tafkin Dagona da fadamar Baturiya suka biyo a 2008. An rubuta nau'in tsuntsu sama da 370 a yankin nan kaɗai.

'Yar Gashuwa a Ingila:
Salam alaikum, sannunku da hira, tun ɗazu nake bi ina ta jin kewar gida wlh. Ni nan karatu ya kawo ni kuma sai da na zo nan na san darajar abin da muke da shi a bayan gida. Ranar Asabar wata abokiyar karatuna ta ja ni wani wuri da ake kira Silimbirij a bakin kogin Seban, wani bature Peter Scott ya kafa shi a 1946 don agwagi da dinyoyin daji kawai. Ruwa ake tun safe, irin ruwan nan nasu na kaka da ba ya tsugewa ba ya ɗaukewa, ga iska mai sanyi tana shiga ƙashi, na ɗauka ba za mu tarar da kowa ba. Wlh wurin cike, tsofaffi da sanduna, mata da yara cikin rigar ruwa da takalmin roba, kowa da fulas ɗin shayi. Sun gina 'yan ɗakuna na katako a bakin fadamar da ƙananan tagogi, ka shiga ka zauna a benci ka ɗaga murfin tagar a hankali, ba mai ɗaga murya, tsuntsu na kiwo gabanka bai san kana nan ba. Wani dattijo kusa da ni ya ce min ai irin wannan ranar suka fi so, wai in hadari ya haɗu ruwa ya sauko masu wucewa ta sama dole su sauka su jira, kuma in filayen suka jiƙe tsutsa na tasowa sai masu caccakar laka su cika wurin. Ya nuna min raf guda uku cikin na'urarsa yana ta murna. Da na ce masa a garinmu dubbai muke gani sai ya juyo gaba ɗaya ya fara min tambayoyi, ashe ya san sunan Hadejia da Nguru sarai.

Ɗan Nguru:
Allahu akbar, guda uku! Anti dan Allah gargani fa, akwai su can?

'Yar Gashuwa a Ingila:
Sun riga sun taho wajenku ai. Nan ma ko da bazara kaɗan ne ke zuwa, in aka ga guda biyu a wani tafki sai labari ya bazu mutane su tuƙo mota su zo gani. Yanzu su abin da suke jira wasu manyan fararen tsuntsaye ne masu dogon wuya da ke zuwa daga arewacin Rasha idan sanyi ya kama, kowane da irin zanen baƙi da rawaya a bakinsa daban, da shi ma'aikatan wurin ke gane su ɗaya bayan ɗaya shekara da shekaru. Abin da ya fi tsaya min a rai shine kuɗin shiga ake biya, akwai wurin cin abinci da shago, mutanen ƙauyen na samun aiki. Mu kuma Dagona tana nan, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin Yarima Philip har can ya je a 1989 saboda tsuntsayen nan, amma ni da aka haife ni a Gashuwa ban taɓa taka wurin ba har na bar gida, ba wanda ya taɓa kai mu daga makaranta.

Ɗan Birni:
Su ai sun ƙoshi ne Hajiya. Mai yunwa ba ya kallon tsuntsu sai dai ya ga nama.

'Yar Gashuwa a Ingila:
Akwai gaskiya a ciki yaya, amma kakanninmu ba ƙoshi ne ya sa suke duba shamuwa ba kafin su gyara gona. Sanin tsuntsu namu ne tun asali, mu ne muka bari.

Bamaraɗe:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan wajen tabkin Madarunhwa ruwa ya cika sosai bana, balbela da jinjimi da zalɓe suna nan, kirinjijiya kuma da marece garke garke. Shamuwa sun tashi, sheƙunansu na nan bisa itace cikin gari babu kowa. Ni abin da ni ke so in hwaɗi, gauraka. Lokacin da ni ke yaro muna jin kukanta da sahe cikin hwadama, yanzu ɗiyana ba su san ta ba sai cikin hoto. Ku can kuna ganin ta?

Ɗan Masunta:
Gauraka kam sai dai a gidan masu kuɗi an yanke mata fiffike tana yawo a tsakar gida. Ni rabona da ganinta a daji tun ina saurayi.

Malamin Kimiyya:
Wannan abin ciwo ne, don ita ake kira tsuntsuwar ƙasa a Najeriya amma ta kusa ƙarewa a dajinmu, kamawa don sayarwa da lalacewar fadama suka haɗu a kanta. A Chadi da arewacin Kamaru har yanzu akwai su da dama. Kuma ku lura da abin da ɗan'uwanmu na Maraɗi ya faɗa kan shamuwa, ita tafiyarta daban ce, tana zuwa mana da farkon damina ta yi sheƙa ta ƙyanƙyashe, ruwa na ɗaukewa ta bi shi zuwa gabashi da kudancin Afirka. Wato daidai lokacin da take fita su gargani ke shigowa daga arewa bayan sun tsallake teku da hamada. Fadamar nan tamu na cikin ruwa na farko da suke tararwa bayan Sahara, sun iso a rame sai sun ci sun murmure. In suka tarar da ita a bushe babu wani wurin kusa. Lokacin babban farin ƙarshen shekarun 1960, a Ingila an wayi gari a 1969 wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke yin hunturu a yankinmu ya ragu da fiye da rabi a shekara guda, sai daga baya suka gano fari ne a Sahel ya kashe su. Yunwar da ta kashe shanunmu ita ta kashe su.

Maharbi:
Ni maharbi ne gadon gidanmu ne, kuma ba zan ji kunyar faɗa ba. Dinya ɗaya tana ciyar da gida, kuma halal ce. Abin da ban yarda da shi ba shine masu zuba guba a hatsi su watsa bakin ruwa, da masu kafa raga doguwa da daddare su kwashe garke guda har da wanda ba a ci, da safe a loda a buhu a kai kasuwa. Wannan ba farauta ba ce. Mu an koya mana ba a harbin mai kwanci ba a harbin mai 'ya'ya. Sannan tambaya gare ka malam, akwai wata 'yar agwagwa da babana ya taɓa harbowa da zoben ƙarfe a ƙafa da lambobi da rubutun boko, har yanzu zoben na nan cikin jakarsa, wasu suka ce na leƙen asiri ne wasu suka ce na aljanu.

Malamin Kimiyya:
Ba ko ɗaya ciki, masu bincike ne ke kama tsuntsu su sa masa zobe su sake shi, lambar nan tasa ce shi kaɗai, rubutun kuma sunan cibiyar da ta sa ne, sau da yawa har da sunan gari ko ƙasa. In aka tura musu lambar da wurin da aka same shi za su duba littafinsu su faɗa maka ranar da aka sa da inda aka sa. Da irin wannan aka gano hanyoyin da suke bi tun kafin a ƙirƙiro na'urar bin sawu. Dan Allah ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe yadda lambar za ta fito, ba wanda zai kama ka. Akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a dajin Amurum kusa da Jos, ƙarƙashin jami'ar Jos, sun san inda za a tura.

Uwar Biyu:
Dan Allah ku yi haƙuri in sa baki, ni tsorona murar tsuntsaye. Ba su ne ke kawo ta ba? Ina kiwon kaji da agwagi a gida kuma muna kusa da ruwa a Hadejia.

Malamin Kimiyya:
Hajiya tsoronki na kan hanya. Agwagin daji na iya ɗaukar ƙwayar cutar, kuma Najeriya ce ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar da nau'inta mai tsananin nan a farkon 2006 a jihar Kaduna. Amma in ta shigo, cinikin kaji da kejin kasuwa da takalman masu shiga gona ke yaɗa ta gida gida. Ki hana agwaginki zuwa kiwo tafki ɗaya da na daji a watannin nan, sabuwar kaza daga kasuwa a ware ta tukuna, in kuma aka ga tsuntsaye sun mutu da yawa a bakin ruwa kar yara su ɗauko, a sanar da likitan dabbobi. Kashe na dajin ba ya magani, watsa su kawai yake.

Mai Shinkafa:
Na dawo daga gona yanzu na karanta duka. Maganar kacalla gaskiya ce ɗan masunta, gonar da na gada wajen mahaifina rabinta yanzu kacalla ce, mun yi gayya mun yanke da lauje ruwa har ƙirji, matsattsaku na kama mu, shekara na zagayowa ta dawo. Amma ni har yanzu ina nan kan bakata, duk wanda zai zo ya ce min in bar tsuntsu to ya zo da abin da zan ba iyalina in ya cinye. Turawan nan da ke son su, su taimaka a buɗe hanyoyin ruwa mana, ba taro a otal ba.

Ɗan Masunta:
Wannan kam ina bayanka Alhaji. Amma mu ma da namu laifin, masu kafa dumba su tare mashigi gaba ɗaya da gura, da masu fasa gaɓar kogi su ja ruwa gonarsu, duk suna rage gudun ruwa laka ta taru kacalla ta samu wurin kafa saiwa. In za a yanke ta kuma a ƙarƙashin ruwa ake yankewa yadda kututturen zai nutse ya ruɓe, in ka yanke ta sama ko ka sa wuta kamar ka yi mata taki ne.

'Yar Gashuwa a Ingila:
Na san a jami'ar tarayya ta Gashuwa an yi bincike kan mayar da kacalla abincin dabbobi da iskar gas ta girki. In ta zama abin sayarwa ai matasa da kansu za su riƙa yanke ta.

Mai Shinkafa:
Allah ya sa 'yata, mu dai mu gani a ƙasa.

Ɗan Birni:
Toh ni dai ban ce na zama ɗan kallon tsuntsu ba, amma ina da zuwa Nguru ɗaurin aure wata mai kamawa. In mutum zai leƙa me ake buƙata, kuma lafiya lau wurin yake?

Ɗan Nguru:
Sai ka zo yaya, lokacin ma sun fi yanzu yawa. Ba wani kaya mai yawa, kaya masu duhu ko ruwan ƙasa banda farar shadda, hula, ruwan sha, takalmin roba in akwai don kar ka shiga ruwa da ƙafa haka saboda tsargiya. Madubin hangen nesa ina da guda za mu riƙa karɓa-karɓa. A waya ka sauke manhajar Merlin tana taimakawa wajen gane su, ni kuma a manhajar BirdLasser nake rubuta abin da na gani ya tafi cikin taswirar tsuntsayen Najeriya da ake haɗawa. Fita tun an sallame asuba, rana na yin sama sun shige ciyawa kuma ƙyallin ruwa ba zai bar ka ka ga komai ba. Ka sa rana a bayanka. In ka ga zakaran ƙeƙuwa ya taso yana ihu a kanka to tsaya cak ko ka tsuguna, shine ɗan tsegumin wurin, in ya ci gaba duk sai sun tashi. Sannan abu mafi muhimmanci ba a zuwa haka kawai da kyamara a ƙauyen da ba a san ka ba, yanayin tsaro ya sa mutane na tsarguwa kuma suna da gaskiya, sai an fara gaida bulama ko mai unguwa an faɗi abin da ya kawo mutum a samu ɗan gari ya raka. Dagona kuma tana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, sai an bi ta wajen ma'aikatansu.

Uwar Biyu:
Mata na iya zuwa? Yarana biyu sun dame ni tunda na nuna musu hoton mai tafiya kan ganyen bado ɗin nan.

Ɗan Nguru:
Sosai ma Hajiya, ku da Baturiya ke kusa da ku ma ba sai kun zo nan ba. Shi wannan ai ko daga bakin hanya ana ganinsa, ki ce su kalli yatsunsa in ya ɗaga ƙafa, tsawonsu ne ke hana shi nutsewa. Kuma namijin ne ke kwanci da renon 'ya'ya, in ya ji tsoro sai ya kwashe su ƙarƙashin fiffike ya gudu da su ƙafafunsu na reto.

Ɗan Masunta:
In da yara ne kar a sa su a ƙaramin jirgi yanzu, ruwa na da ƙarfi har yanzu kuma ba kowa ke da rigar hana nutsewa ba. A bari sai ya ƙara janyewa. Wanda zai zo Nguru kuma ya sanar da wuri in yi magana da ƙanena ya ajiye babban jirgin, kuɗin mai kawai za a ba shi.

Bamaraɗe:
In an tashi ƙirgan Janairu ku sanar da mu nan, muna da samari biyu da za su iya yin na Madarunhwa in an gwada musu yadda a ke cika takardar.

Malamin Kimiyya:
In sha Allahu zan turo samfurin takardar da yadda ake ƙirga babban garke, goma goma ake fara ɗauka da ido sannan a riƙa aunawa da shi, su fara gwadawa da balbela da yamma lokacin da suke komawa makwanci. Maharbi ina jiran hoton zoben nan, ka haɗa da sunan tafkin da aka harbo ta da shekarar in baba zai iya tunawa.

Maharbi:
Sai ranar kasuwa zan je gida. Ya ce shekarar da aka yi babbar ambaliya ce, zan ƙara tambayarsa wacce a ciki.